Fam 800 don koyon riƙe zarto: yadda ta kaya da ƙanena bayan guguwar Arwen

Daren 26 ga Nuwamba 2021 guguwar da aka sa wa suna Arwen ta faɗa wa arewa maso gabashin Ingila da gabashin Sikotland. Hukumar hasashen yanayi ta Birtaniya ta riga ta fitar da jan gargaɗi, wanda ba kasafai take yi ba. A Brizlee Wood da ke Northumberland an auna gudun iskar ya kai mil 98 a awa, wato kimanin kilomita 158. Gidaje kusan miliyan ɗaya suka rasa wutar lantarki, mutum uku kuma bishiyoyi suka faɗo musu suka rasu. A Sikotland kaɗai an ƙiyasta bishiyoyi miliyan 16 ne ɓarnar ta shafa. Abin da ya ƙara muni shi ne iskar daga arewa ta taso, alhali bishiyoyin ƙasar sun saba da iskar kudu maso yamma, ta can suka ƙarfafa saiwarsu. Sai aka zo musu ta inda ba su shirya ba.

Ƙanena yana zaune a wannan yanki, yana aiki da wani ɗan ƙaramin kamfani mai gyaran lambuna da sare rassa. Aikinsa jan reshe ne, da cusa shi cikin injin niƙa, da shara idan an gama. Zarton inji ba ya taɓawa, mutum biyu ne masu takardar shaida suke yanka. Albashinsa mafi ƙanƙanta ne da doka ta yarda a biya a lokacin, fam 8.91 a awa.

Mako biyu bayan guguwar ya kira ni. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Yaya, kuɗi ne zube a ƙasa a garin nan, ni kuma an ɗaure mini hannu." Ko'ina ka duba bishiya ce kwance a kan katanga ko a bakin gona, masu yanka sun yi kaɗan, jama'a na ta neman wanda zai zo ya raba su da gungume. Yana so in ranta masa kuɗin kwas na kwana biyar na koyon aiki da zarton inji, da kuɗin jarrabawarsa. Fam 800 da 'yan kai.

Ban amsa nan take ba, kuma dalilina ba rowa ba ce. Mu 'yan Taraba ne. Shekarun da aka yi ta kwasar madobiya daga dazukan Bali da Garba Chede, itacen da 'yan kasuwa ke ce wa Madrid, mun ga masu inji da idonmu. Saurayi ne da silifa da singileti, riƙe da ƙaton zarton inji ƙirar Stihl 070, yana tsaga gungume ya fitar da katako kamar da ma'auni. Ba wanda ya taɓa shiga aji a cikinsu. Yaron inji ne kake farawa, ka ɗauki galan ɗin mai, ka wasa sarƙa, wata rana maigida ya miƙa maka. Don haka da ƙanena ya faɗi kuɗin, abin da ya fara zuwa mini shi ne wannan wata hanya ce ta Turawa ta karɓar kuɗin talaka. Ƙaramin zarto sabo fil a lokacin bai wuce fam 200 da ɗoriya ba. Ina aka taɓa jin kuɗin koyon tuƙi ya ninka kuɗin mota sau uku?

Shi ne ya tuna mini abin da na zaɓi in manta. Daga cikin masu injin da muka sani a gida akwai mai yatsu uku, akwai mai tabo daga goshi har haɓa, akwai wanda sai ka ɗaga murya kafin ya ji ka, ga kuma wanda bishiya ta danne aka kwaso gawarsa daga daji. Waɗanda muke yabon gwanintarsu su ne suka tsira. Tsofaffin injinan nan ko birkin sarƙa ba su da shi.

Lissafin kuɗin

Da muka zauna muka tattara, ashe fam 800 somin taɓi ne. Ba a shiga kwas ɗin sai da kayan kariya: wando na musamman, takalmi mai kariyar sarƙa, hular kwano mai ragar fuska da murfin kunne, da safar hannu. Waɗannan suka ci kusan fam 300. Kwana biyar ɗin kuma ba albashi, awa 40 ke nan, fam 356. Jimla ta kai kimanin fam 1,450, albashinsa na kusan wata guda cur kafin a cire haraji.

Ta ɓangaren doka kuwa maganar a fili take. Dokar kayan aiki ta Birtaniya ta 1998, wadda ake taƙaita sunanta da PUWER, ta wajabta a ba duk ma'aikaci isasshen horo a kan injin da zai yi aiki da shi, ƙa'idojin da ke tare da ita kuma suka ce mai sare bishiya da zarton inji ya mallaki takardar shaidar ƙwarewa. Wannan ya haɗa da mai cin gashin kansa. Wanda zai yanka itacen hura wuta a bayan gidansa ba ruwan doka da shi, ya shiga kanti ya saya ya tayar. Amma da zarar ka karɓi kuɗin wani ka zama ma'aikaci, kuma kamfanonin inshora sukan nemi ganin takarda kafin su tsaya maka. Idan bishiya ta faɗa kan motar maƙwabci ba ka da inshora, kai da bashi har tsufa.

A nan akwai wani abu da sai daga baya na lura da shi. Nauyin horon a kan mai ba da aiki yake idan shi ne ya sa ka riƙe zarton. Maigidan ƙanena bai sa shi ba, yana da masu yankansa biyu, don haka ba abin da ya tilasta masa biya. Ƙanena ne yake son hawa mataki, shi ya sa kuɗin ya faɗo kansa, daga kansa kuma ya gangaro kaina. Na tura masa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk cibiyoyin horon da ya tuntuɓa sun cika, don ba shi kaɗai ya hango kuɗin ba. Sai a watan Maris na 2022 ya sami gurbi, bayan guguwar Malik da Corrie sun zo a ƙarshen Janairu sun ƙara zubar da wasu.

Abin da aka koya masa

Su huɗu ne a hannun malami ɗaya. Kwana biyun farko ya kira ni yana ƙorafi, wai ya biya kuɗi don ya kayar da bishiya an zaunar da shi a rumfa da magagari a hannu. An sa su kwance injin, su wanke matatar iska, su duba fulogi, su gwada birkin sarƙa, su haɗa fetur da man inji kashi 50 da 1. Sannan wasa haƙoran sarƙa, ɗaya bayan ɗaya, a karkace digiri 30, kowane haƙori daidai da ɗan'uwansa. A gaban kowane haƙori akwai ɗan tudun ƙarfe da ke iyakance zurfin cizonsa, ana rage shi ya zama ƙasa da haƙorin da milimita 0.65 kacal. Masu gaggawa sukan goge wannan tudu da yawa don zarto ya riƙa cin itace da sauri. Yana ci ɗin kuwa, amma yana fizga, kuma harbinsa ya fi muni.

Harbi shi ne babban abin tsoro, kuma sunan ya dace, don kamar na jaki yake, ba ya sallama. Sarƙar tana zagaya doguwar ƙarfen nan mai kama da harshe da gudun kusan mita 20 a daƙiƙa. Idan ɓangaren sama na ƙarshen harshen ya taɓa reshe ko wani abu mai tauri, haƙori ya maƙale, duk ƙarfin injin sai ya koma ɗaga harshen sama, ya nufo fuskar mai riƙe da shi. Abin yakan faru kafin ƙiftawar ido, ba wanda hanzarinsa ya isa ya kauce. Kariyar duk a shiri take tun kafin a fara: babban yatsan hagu ya zagaye mariƙin gaba ta ƙasa, jiki ya ɗan goce daga layin yankan, kada a ɗaga zarto ya wuce kafaɗa, a kuma san inda ƙarshen harshen yake a kowane lokaci. Idan riƙon daidai ne, bayan hannun hagu ko ƙarfin fizgar kanta zai buga birkin, sarƙa ta tsaya kafin ta iso. Kamfanin Husqvarna na Suwidin ya fito da irin wannan birki tun a 1973, amma birki ba ya amfanar wanda ya saki babban yatsansa.

Ƙanena ya ce sau uku malamin yana dafa masa kafaɗa ya tsayar da shi saboda yatsan nan. Shi bai ma san yana sakinsa ba. A ganina rabin kuɗin kwas ɗin a nan ya tafi, kuma bai tafi a banza ba. Duk bayanin da na zayyana a sama yana cikin ɗan littafin da ke zuwa da injin, yana kuma cike a YouTube kyauta. Amma bidiyo ba ya ganin hannunka.

Darasi na biyu shi ne karanta gungume. Itacen da ke kwance ba a sake yake ba, wani gefensa a matse yake, ɗaya gefen a miƙe kamar tsirkiyar baka. Idan gungume ya dogara a ƙarshensa biyu tsakiyarsa na lilo, samansa ne a matse, ƙasansa a miƙe. Ka yanko daga sama kai tsaye, tsagar za ta rufe ta kama harshen zarton. Sai dai a ɗan shiga ta gefen da ke matse, sannan a ƙarasa ta gefen da ke miƙe. Idan kuma ƙarshe ɗaya ne a dogare ɗayan na reto, komai ya juya, ta ƙasa za a fara. Reshen da bishiya ta danne ya lanƙwashe kuwa tarko ne ɗanannen gaske, ka yanke shi ba lissafi ya zabge ka ya karya maka ƙwauri ko muƙamuƙi.

Sai a rana ta uku suka shiga daji. Takardar da yake nema ta hukumar jarrabawar sana'o'i ce mai suna City & Guilds, wadda masu sana'ar har yanzu suke kira da tsoffin lambobinta, CS30 ta gyaran inji da yanka gungume, CS31 ta kayar da bishiyar da kaurinta bai wuce milimita 380 ba. Kafin a tayar da inji sai an zagaya bishiyar, a ga inda ta karkata, a ɗaga kai a nemi busasshen reshen da zai iya ɓallowa, a share hanyoyin gudu biyu ta baya a karkace, a tabbatar ba kowa a tazarar tsawon bishiyar sau biyu. Sannan a yanke baki a gefen da ake so ta faɗi, zurfinsa kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu na kaurinta. A zagaya ta baya a yanko, amma ba a haɗe da bakin. Ana barin wani siririn itace a tsakani, kimanin kashi ɗaya cikin goma na kaurin, shi ne yake riƙe bishiyar yana juya ta kamar hinjin ƙofa har ta kwanta inda aka nufa. Ka yanke shi, bishiya ta zama ba ta da linzami, ita za ta zaɓi inda za ta faɗi.

An kuma koya musu abin yi idan bishiya ta faɗi ta rataye a jikin wata. Haramun uku ne a nan: shiga ƙarƙashinta, sare wadda ta tare ta, da kayar da wata a kanta don ta turo ta. Dukkan ukun kuma su ne dabarun da hankalin mutum ke fara kawo masa.

Jarrabawar wata rana ce daban, mai jarrabawar kuma ba malaminsu ba ne. Cikin su huɗun ɗaya ya faɗi, don ya taka da sarƙa tana juyawa bai sa birki ba. Ƙanena ya ci.

Inda lissafinsa ya karye

A rana ta ƙarshe ne malamin ya gaya musu maganar da ta sanyaya masa jiki. Takardar da za su samu ba ta shafi bishiyar da iska ta tumɓuke ba. Wannan horo ne na dabam, mai takardarsa ta dabam, kuma sai wanda ya riga ya goge ake ɗauka. Wato ainihin aikin da ya ci bashi dominsa, bishiyoyin Arwen da ke kwance da saiwarsu a sama, an ce masa kada ya kusance su.

Da ya faɗa mini raina ya ɓaci, na ce to me muka saya ke nan? Amsar ta zo bayan 'yan makonni. Wani manomi da suke yi wa aiki ya ja shi gefe ya nuna masa wata doguwar bishiya da ta faɗi a gefen makiyayarsa. Ta tumɓuko da faifan saiwa da ƙasa wanda ya fi mutum tsayi, yana tsaye a gefensa, ga rami a bayansa. Ya ce ya zo ranar Asabar ya yanke masa ita, zai biya shi a hannu fam 150. Ƙanena ya zagaya ta ya ga gangar a lanƙwashe take tsakanin wasu bishiyoyi biyu, ya ba shi haƙuri. Manomin bai ji daɗi ba, ya ce ai ya ji an ce ya yi kwas.

Daga baya aka kira masu wannan aikin, ƙanena kuma yana wurin yana jan rassa. Sai da suka ɗaure faifan saiwar da igiyar ƙarfe da na'urar ja kafin a sa zarto. Da aka raba gangar da kututturen, gangar ta zabura gefe guda da ƙarfin da zai iya karya ƙugun mutum, daidai inda ƙanena ya ce shi da nan zai tsaya. Da suka sassauta igiyar, faifan ya koma raminsa da wata ƙara da ya ji har cikin ƙafafunsa. Nauyin ƙasa da saiwa irin wannan ana maganar tan ne. A wayar da ya yi mini daren ranar bai ce komai a kan fam 150 ɗin ba.

Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta ce kimanin mutum 36,000 ake kaiwa sashen gaggawa na asibitocin ƙasar duk shekara saboda raunin zarton inji, ta kuma yi gargaɗin cewa hatsarin yana ƙaruwa bayan guguwa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Lokacin ne itace ya fi haɗari, lokacin ne kuma waɗanda ba su taɓa riƙe zarto ba suke rububin saye. Da ban ba shi bashin ba, na san ƙanena, da tun a Disamba ya sayi na fam 200 ya shiga cikinsu.

Ko kuɗin ya dawo?

Ya dawo, amma ta ƙofar da ba mu zata ba, kuma a hankali. Ɗaya daga cikin masu yankan kamfanin ya bar aiki a bazarar 2022, maigidan ya miƙa wa ƙanena zarto ya ƙara masa fam ɗaya da rabi a awa. A wannan ƙarin, sai da ya yi awa kusan 970, wata shida ke nan, kafin ya mayar da abin da aka kashe. Ba kuɗin da ke zube a ƙasa da ya kwasa.

Don haka idan mai neman abinci da zarto a Birtaniya ya tambaye ni, ba wata muhawara, doka da inshora sun riga sun yanke masa hukunci, abin da ya rage shi ne ya lallaɓa maigidansa ya biya ko su raba. Wanda kuma itacen hura wuta kawai zai riƙa yankawa sau biyu a shekara, ban ga dalilin kwana biyar ba. Kwas ɗin kwana biyu na gyara da yanka gungume ya ishe shi, da sharaɗin ya sayi wandon, ya kuma bar kayar da bishiya ga masu ita. Irinsa ma ya fi saurin mantuwa, shi ya sa hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta HSE ta ba da shawarar mai amfani da zarto jefi-jefi ya sabunta horonsa duk shekara biyu zuwa uku, mai yi kullum kuma duk shekara biyar.

Ba zan ɓoye wani abu guda ba, don kada a ɗauka takarda laya ce. Bayan shekara ɗaya da fara yankan, hannu ya faɗa, tsoro ya ragu, wata rana da yamma a gajiye yana sassabe rassan bishiyar da suka kayar ya taka gaba bai sa birki ba. Laifin da ya kayar da abokin kwas ɗinsa a jarrabawa, shi ɗin dai. Sarƙar ta shafi cinyarsa ta hagu. A cikin wandon akwai dogayen zaruruwa jere a sake, haƙoran suka fizgo su suka cusa cikin ƙafar da ke juya sarƙar, inji ya shaƙe ya tsaya. An yi irin wannan wando ne ya tare sarƙa mai gudun mita 20 a daƙiƙa, kuma sau ɗaya yake aiki, daga nan sai shara. Ya turo mini hotonsa, farin zare ya fito buzu-buzu kamar an farke matashi, fatarsa ko ƙwarzane babu. A cinyar nan akwai babbar jijiyar jini da idan ta yanke mintoci kaɗan ake da su, su kuma suna bayan gari.

Na tambaye shi ko Hajiya ta sani. Ya ce, "Yaya, don Allah kada ka gaya mata." Ban gaya mata ba.

Fam 100 ya riƙa turo mini duk wata har ya gama biya. A watan da ya turo na ƙarshe ya sake kira, wai akwai kwas na hawa bishiya da igiya da ceto abokin aiki daga sama, daga shi sai na yanka a saman, kuma masu hawa sun fi samu nesa ba kusa ba. Na ce masa wannan karon maigidansa ne ke buƙatar mai hawa, ya je ya same shi da maganar. Sun daidaita a kan kamfanin ya biya, shi kuma ya yi alkawarin shekara biyu bai bar aikin ba. Sabon wandon dai daga aljihunsa ya saya, mai kariya gaba da baya, don na masu hawa ke nan.